Fatar Katsina, Sunan Maroko

A watan Fabrairun 1853 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarim, ya sauka birnin Katsina karo na biyu, zamanin Sarki Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje. Tumbutu ya nufa, tafiyar watanni, kuma ya riga ya san irin ɓarnar da rana da ruwan sama ke yi wa kayan matafiyi. Kafin ya tashi sai da ya tanadi salkunan ruwa da kilabai, manyan jemammun fatun shanu da ake rufe kaya da su, waɗanda za su kai shi ƙarshen tafiya. Ya kuma rubuta dalilinsa: a duk ƙasashen baƙar fata babu garin da ya kai Katsina suna wajen kyan fata da iya jima. Mutumin ya zauna Kano, ya ga Kukawa da Agadas da Damagaram, don haka shaidarsa ba ta baƙon kwana ɗaya ba ce.

Birni ne ya kwashi yabon, amma dabbobin da suka ba da fatun yawancinsu daga karkara suka fito. Babban yanki na karkarar Katsina kuwa shi ne kudu, wanda ake kira Katsina Laka saboda danƙon ƙasarsa da yalwar ruwan sama. A nan garin Mabai yake, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara, a mazaɓar tarayya da ta haɗa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga, ta shanun Fulani da awakin matan gida. A ƙauyuka irin wannan ne aikin fata ke somawa: mahauci ya feɗe, majemi ya jeme, maƙeri ya ƙera wuƙa da basilla, baduku ya yanka ya ɗinka, falke ya ɗaura wa jaki. In aka cire mutum ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, sauran huɗun sai su zauna.

Tushen sunan duka akuya ce. Jar akuyar nan gajera mai gashi mai sheƙi, 'yan Nijeriya su ce ta Sakkwato ce, mutanen Nijar su ce ta Maraɗi ce, kuma kowa na da gaskiyarsa tunda akuyar ta girmi iyakar da ta raba su. Tana yawan haihuwar tagwaye, tana jure rani, abin da ya sa mata suka riƙe ta a matsayin asusu. Fatarta ba kauri gare ta ba, amma saƙarta a matse take, fuskarta sumul, ba ta yagewa a inda basilla ta huda. Gwamnatin Nijar ta ga darajarta har ta buɗe mata cibiyar kiwo a Maraɗi a 1963. A Katsina da Zamfara da Kano kuwa kusan kowane gida akwai ta a turke.

Aikin majemi aiki ne na haƙuri da toshe hanci. Busasshiyar fata sai an jiƙa ta ta kwana cikin ruwa ta saki jiki. Daga nan a tsoma ta cikin ruwan toka mai kaifi, a bar ta kwanaki har gashin ya soma bin hannu. Sai majemi ya shimfiɗa ta a kan kututture ko kifaffen turmi, ya kama kartaji da hannu biyu yana turawa, gashi yana zubewa, ya juya ta ya kankare sauran nama da kitse. Mataki na gaba shi ne wanda ya sa ake kai majema bayan gari: ruwan kashin tantabara ko na kaji, wasu kuma su yi amfani da ganyen fatakka. Wannan ruwan ne ke kashe kaifin toka ya sa fata ta yi laushi, kuma shi ne mai warin da ke bin majemi har masallaci. Sai bagaruwa. A daka busassun 'ya'yanta, a fitar da ƙwallayen, a jiƙa garin cikin kwatarniya, a zuba fatun ana motsawa, ana matsewa, ana sabunta ruwan. Fatar akuya kwanaki kaɗan sun ishe ta, ƙirgin sa kuwa sai ya ci makonni. Gwani ba ya yarda da launin waje. Yakan ɗan yanki gefe ya duba ko bagaruwa ta ratsa har tsakiya, don in akwai sauran fari a ciki, fatar za ta bushe ta ƙage, wata rana ta karye a hannun mai ita. Bayan haka a shafa man gyaɗa ko man shanu, a ja, a murza, a shanya a inuwa.

Jan nan da ya ruɗi Turawa daga gona yake fitowa. Karan dafi wata irin dawa ce da ba don hatsinta ake shuka ta ba, sai don jan ɓawon da ke lulluɓe da karanta. A daka shi, a kwaɓa da ruwan kanwa ko na toka, a murza wa fata da hannu, sannan a bi da ruwan lemun tsami ko tsamiya launin ya tashi. Baƙi kuma kuloko ne, wanda ake haɗawa da kashin maƙera ko guntayen ƙarfe da aka jiƙa suka tsima. Da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai wurin ya koma baƙi ƙirin, ba kuma ya goguwa. Da irin wannan haɗuwar ƙarfe da ruwan itace Turawa suka yi ƙarnoni suna haɗa tawadar rubutu. Rawaya daga gangamau take. Kore shi ne mai tsada, don da garin tagulla ake yinsa, shi ya sa a tsofaffin kaya ba a ganinsa da yawa, sai ɗan ƙyas a ƙarƙashin huda.

Kayan aikin baduku duka zabira ɗaya ta ɗauke su. Gajeruwar wuƙa mai kaifin aska, basilla manya da ƙanana, allura, almakashi, dutsen wasa wuƙa, guntun katako mai santsi da yake ɗorawa a cinya, da wasu 'yan ƙarafa da maƙeri ya fiƙe wa baki, wani ɗigo, wani da'ira, wani mai kusurwa uku. Da waɗannan yake fitar da ado iri-iri. Yakan ɗan jiƙa fata, ya ja layi da dakusasshen ƙarfe, ya buga hatimi a jere, in ta bushe zanen ya zauna daram. Yakan huda jar fata ya shimfiɗa koriya a ƙarƙashi ta leƙo. Yakan yanka fata siriri kamar zare ya yi sirfani da ita, ya gama da geza da tuntu.

Akwai dabara ɗaya da ta cancanci a tsaya a kalla. Baduku zai ɗauki jar fata ya tsaga fuskarta da tsinin wuƙa, tsagar da ba ta wuce kaurin rinin ba. Ya yi layuka a tsaye, ya yi a kwance, su ba da ƙananan gidaje. Sai ya sa tsinin a kusurwar gida ɗaya, ya ɗaga, ya kama da farce ya ɓanɓare, farin cikin fatar ya bayyana. Ya tsallake na gaba, ya ɓanɓare na bayansa. Kafin ya kai ƙarshen layi, ja da fari sun jeru ba tare da an sa ɗigon fenti ba. In hannu ya yi nauyi kaɗan wuƙa ta ratsa, fata ta lalace. In ya yi sauƙi ɓawon ya ƙi tashi, ya yage ya shiga gidan da ba a so. Yaron baduku yakan shekara yana yankan igiya da murza zare kafin ubansa ya bar shi ya gwada wannan a kan fata mai kyau.

Sana'ar gado ce, kuma gari ya san masu ita. Kano na da unguwar Dukawa kusa da kasuwar Kurmi, Sakkwato na da Maɗunka, garuruwa da dama na da Majema, akwai kuma sarautun Sarkin Dukawa da Sarkin Majema masu tsaya wa 'yan sana'a a fada. Sai dai ba a ba su girman da aikinsu ya kai ba. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950, ya tarar mutane suna jera sana'o'i daraja daraja, kuma masu taɓa jini da ɗanyar fata can ƙasa ake sa su. Mai doki yana taƙama da kayan dokinsa, amma in majemi ya zo neman 'yarsa sai a soma maganar asali. A wajen Abzinawa kuma tsarin daban ne, don a can matan maƙera ne ke aikin fata, mazansu na ƙira.

Rubutattun shaidu sun nuna tsufan abin. Tarihin Kano ya lissafa takalmin gashin jimina cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada, kuma har yau Sarkin Kano na sa shi. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa a 1526, a ciki ya ce a Gobir ana ɗinka takalma irin na Rumawan da, ana kai su Tumbutu da Gawo. Hugh Clapperton da ya shiga Kano a Janairun 1824 ya tsaya kallon masu yin tandu: a gina siffar da laka, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata, in ta bushe a fasa lakar a zazzage, a sami mazubin mai ko zuma wanda ba ɗinki a jikinsa. Barth kuma ya yi lissafi a Kano a 1851. Ya ƙiyasta takalman da birnin ke fitarwa a shekara sun kai wuri miliyan 10, jemammun fatu miliyan 5, tufafi kuwa miliyan 300. Saƙa da rini sun fi ƙarfin fata nesa ba kusa ba, amma a lura da abu ɗaya cikin lissafin: takalmi, wato fatar da baduku ya gama aiki a kanta, ya ninka fatar da aka sayar haka nan.

Kudancin Katsina na da nasa dalilin buƙatar dukawa, ban da takalmi da guga. 'Yandoto, kusa da Tsafe ta yau, yamma da Ƙanƙara da Faskari, gari ne na malamai da ɗalibai tun kafin jihadi, kuma inda littafi yake dole a sami baduku. Alƙur'anin ƙasar Hausa ba a ɗinke takardunsa. Warwara suke, a haɗa su cikin tadarishi, a naɗe da igiyar fata, a sa cikin gafaka mai marataya, yadda malami zai iya zare 'yan shafuka ya ba almajiri ya kwafa. Gafakar nan ita ce ta tsare rubuce-rubuce da yawa daga gara da damina. Lokacin da Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, ba na Katsina ba, ya ci 'Yandoto a farkon shekarun jihadi, maganar takardun da suka watse a yaƙin sai da ta shiga wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Laminu na Borno. Bellon ne kuma ya rubuta wa Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko a ƙarƙashin tutar Shehu, littafin Usulus Siyasa, inda ya ce wajibi ne shugaba ya kula da masu sana'a, ya tabbatar kowane gari da ƙauye ya sami nasa. Shawara ce ta mai mulkin da ya san cewa rundunar dawaki ba ta tashi sai da sirdi da linzami da ragama da kube da kwari da garkuwa, kuma kowanne cikinsu sai ya bi ta hannun mai fata.

Fatun da suka wuce buƙatar gida arewa suke yi. Ayari ya tashi daga Kano ko Katsina, ya bi ta Agadas, ya ratsa Ghat da Gadamas, ya sauke a Tarabulus. Wasu kayan kan bi ta yamma su faɗa kasuwannin Maroko. Bature ya saya a bakin teku, ya kira ta da sunan inda ya saya. Gaskiya ne Fas da Marrakesh na da nasu majema masu tsohon tarihi, ba duk abin da ake kira fatar Maroko ne ya fito daga ƙasar Hausa ba. Amma wani kaso mai yawa na jar fatar akuyar da ta yi suna a Turai da wannan laƙabi, bagaruwa da karan dafi ta sha. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da cinikin gashin jimina da hauren giwa ke tangal-tangal, fatu ne suka riƙe ayarin Tarabulus, kuma da yawansu Amurka ake wucewa da su.

A daidai wannan lokaci masu ɗakunan karatu a Ingila suna cikin damuwa. Bangon littattafan da aka yi da fatar masana'antunsu yana ruɓewa ya zama jan gari cikin 'yan shekaru, alhali na ƙarnonin baya yana nan garau. Aka kafa kwamiti a Landan, ya ba da rahoto a 1901, ya ɗora laifin a kan ruwan asid da ake sa wa fata don a gaggauta aiki da kuma hayaƙin fitilun gas. A wannan shekarar Douglas Cockerell, ɗaya daga cikin manyan masu yi wa littafi bango a ƙasar, ya fitar da littafinsa na koyar da sana'ar, ya ce fatar da ya fi samun amfaninta ita ce ta akuya da kamfanin Royal Niger ke kawowa daga Afirka. Majemin da ake toshe wa hanci a bayan gari, aikinsa ne ya fi na injin Ingila ƙarko. Suna ya sake canzawa, masu littafi suka koma kiranta fatar Neja. Na Katsina dai bai fito ba.

Shekarar 1911 ta juya akalar komai. Jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya ta mamaye Tarabulus, ayarin hamada ya mutu. Zuwa 1929 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda, kudancin Katsina ya sami tasha a kusa. Kamfanoni irin su John Holt da Ambrosini da UAC suka buɗe kantunan sayen fata, kuma abin da suka fi so shi ne busasshiyar fata wadda ba a jeme ba, su kai ta Turai su jeme yadda kasuwarsu ke so. Gwamnatin mulkin mallaka ta baza malaman fata kasuwa kasuwa suna koya wa mahauta fiɗa ba tare da wuƙa ta ci fata ba, da shanya a inuwa a rataye maimakon a baje a ƙasa. Fata ta ƙara kyau, kuɗi sun shigo ƙauye, wannan ba a musu. Amma matakin jima da rini da ɗinki, inda ribar take, shi aka tsallake. Akuyar Ƙanƙara ta koma tafiya Liverpool da gashinta.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka soma kafa masana'antun jima a Kano, daga baya suka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa. A 1964 aka buɗe wurin koyar da aikin fata a Samarun Zariya, wanda ya girma ya zama cibiyar da ake kira NILEST a yau. Gwamnati ta sa ɗanyar fata cikin jerin kayan da aka hana fitarwa. Masana'antun sun ɗauki dubban ma'aikata, sun kuma zuba dattinsu a kogin Challawa har manoman bakin kogin suka yi ta kuka. Jimarsu ba ta bagaruwa ba ce, ta gishirin kurom ce, dabarar da Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884, wadda ke gama cikin kwana guda abin da majemi ke yi a mako. Mafi yawan fatun da suke gyarawa Italiya da Sifen suke tafiya. A can a yanka su a yi jaka da takalmi, a buga musu sunan kamfanin Turai, wata ma ta dawo kantin Abuja da farashin da zai sayi garken awaki.

Baduku na ƙauye kuwa ba kamfanin Turai ne ya karya shi ba, roba ce. Abin da ya riƙe shi shekara da shekaru ba odar fada ba ce, ƙananan buƙatun yau da kullum ne. Wasaki ya koma gugar tiyub. Jarka ta kori salka, buhu ya kori taiki da burgami, silifas na roba ya kori fade, leda ta kori komai. Babur ya shiga inda doki yake. Wa'azin da ya yi ƙarfi tun ƙarshen shekarun 1970 ya rage masu rataya laya da kambu a fili, kuma ɗinkin laya ba ƙaramin ciniki ba ne ga baduku a da. Masu zargin dukawa da rashin ci gaba sun bar jaki suna dukan taiki, don babu mai sana'ar da zai yi gasa da abin da ake sayarwa a kan kuɗin goro. Abin da ya rage musu shi ne kuben wuƙa da adda, guru da warki na mafarauta da 'yan dambe da 'yan tauri, fatar kalangu, buzun salla, malafa mai ado, tumtum na ɗakin amarya, sai kayan doki in salla ta matso. Hawan salla ne ya fi komai riƙe aikin ƙwarai, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali.

Ita kanta fatar ta sami wasu masu nema. Ƙirgin sa yanzu tukunya ce babbar kasuwarsa, don ganda na da masoya daga Legas har Maiduguri, kuma mai babbaka yakan biya fiye da majemi. Jami'an gwamnati sun sha yin barazanar hana cinta, ba a kuma taɓa iyawa ba. Fatun layya, waɗanda a da ake ba malamin unguwa ko a yi buzu da su, yanzu ƙungiyoyin addini irin Izala ke bi gida gida suna tarawa, su sayar wa dillalai su yi gine-gine da kuɗin. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuma akwai abin da ya fi wannan duka nauyi. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga daga dazuzzukan da suka haɗe da Zamfara sun kwashe garkuna, sun tashi ƙauyuka. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da waɗannan ukun, ya kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin. Kasuwar da ba a yanka ba, ba fata. Dokar an ɗage ta daga baya, amma mai sana'ar da ya gudu Funtuwa ko Kano ya kama acaba ba lallai ya koma ga basilla ba.

Abin mamaki, a wani gefen duniya wannan aiki ne mutane ke biyan kuɗi su koya don nishaɗi. A Amurka, zanen furanni da ake bugawa a kan sirdi da ɗamara ya zo ne daga Meziko, Meziko ta gada daga Sifen, Sifen kuma ta yi zamani tana alfahari da fatar Ƙurɗuba tun lokacin Musulmin Andalus. A 1919 Dave Tandy da Norton Hinckley suka buɗe kantin sayar wa masu gyaran takalmi fata a Fort Worth ta jihar Texas. Ɗan Tandy, Charles, ya ga yadda ake ba sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu aikin fata a asibiti don hannu ya motsa, zuciya ta kwanta. Da ya dawo sai ya juya kamfanin ya koma sayar da fata da kayan aiki da littafin koyo ga duk mai sha'awa. Al Stohlman ya rubuta musu littattafai masu zane mataki mataki, Don King na garin Sheridan ya shahara da salon furanni masu murɗewa da ake koyi da shi har Japan. Likita ko direba ya dawo aiki, ya shiga ɗan ɗakinsa, ya jiƙa fata, ya tsaga zane da wuƙa mai juyawa a yatsa, ya bi da hatimai da guduma, ya yi wa ɗansa walat.

Duk mai wannan sha'awa ya san doka ɗaya: fatar kurom ba ta karɓar hatimi. A buga, ta dawo yadda take. Sai fatar da aka jeme da itace ce ke shan ruwa, ta karɓi zane, ta riƙe shi har ta tsufa. Wato irin wadda majeman Ƙofar Wambai a Kano da na Sakkwato da Damagaram ke fitarwa daga kwatarniyar bagaruwa har gobe. Su can suna sayen irinta da tsada. A nan tana rataye a kasuwa, ana wuce ta.

Bambancin da ya rage shi ne na kai. A ƙasar Hausa ana ganin wanda bai gaji dukanci ba ba shi da hurumin taɓa basilla, kuma ma'aikacin gwamnati da aka gani yana ɗinkin fata da yamma za a ce albashi ne bai isa ba. Wannan tunani ya cuci sana'ar fiye da yadda ya kare ta, don 'ya'yan gado suna barinta, waɗanda ba su gada ba kuma kunya ta hana su shiga. A Legas tun 2017 ake baje kolin kayan fata duk shekara, kuma da yawa cikin masu kai jakunkuna da takalma can ba wanda ya gaji dukanci a gidansu, fatar Kano suke saya su ɗinka su tallata a Instagram. A Yamai gidan tarihin Boubou Hama ya ware wa masu sana'ar hannu rumfuna, baƙo ya tsaya ya ga ana yi, ya saya a hannun mai yi. David Heathcote, malamin zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kwashi kayan dukawan Hausa ya baje su a Landan a 1976, kuma irin waɗannan kayan suna ajiye a gidajen tarihin Turai, duk mai waya zai iya ganin hotunansu ya kwaikwayi zanen kakanninsa.

Shiga aikin ba ya buƙatar jari mai yawa. Maƙerin kasuwar ƙauye zai iya fiƙe basilla, ya ƙera wuƙa, ya mayar da manyan ƙusoshi hatimai in an zana masa bakin da ake so. Jemammiyar fatar akuya ɗaya za ta ba da gidan waya da walat da marataya makulli, har a sami ragowar gwaji. Abin da kuɗi ba sa saya shi ne nauyin hannu wajen tsaga da ɓanɓara, da sanin lokacin da fata ta jiƙu daidai, kuma wannan yana wajen tsofaffin dukawan da suka rage a rumfunan kasuwa.

Shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da ɗan majalisar da ke wakiltar su a Abuja, duk shekara suna rabon kekunan ɗinki da injin markaɗe da sunan koya wa matasa sana'a. A rabo na gaba su sa wuƙa da basilla da fatar bagaruwa cikin lissafi, su nemo dukawa da majeman da suka rage a yankin, har da waɗanda rashin tsaro ya kora birni, su biya su kuɗin koyarwa tun idanunsu na ganin ramin allura.